Gidan Geua a Kan Ruwa

Kaupa ya danne goshinsa da rigarsa, jini na bin kuncinsa, yana jiran layi ya zo kansa a asibitin unguwa. Yayansa Simbil ne ya rotsa shi da katako a tashar mota, inda Kaupa yake aikin kwandasta, a gaban direbobi da masu sayar da goron da ake kira buai. Wani ne ya tsegunta wa Simbil cewa ya ga ƙanensa a bakin teku, kansa a kan cinyar wani saurayi.

Kuma ba ƙarya aka yi masa ba. Tun yana ɗan makaranta a kan duwatsun Simbu ya san zuciyarsa ba ta zuwa inda ta sauran samari take zuwa. Ya yi azumi, ya durƙusa a coci har gwiwoyinsa suka yi kanta, ya gudo birnin Mosbi, inda mahaifiyarsa da 'yan uwansa suke zaune, ko canjin gari zai canja shi. Babu abin da ya canja.

"Kai, rigar nan ta gama aikinta. Ungo."

Ya ɗago. Muryar ta maza ce, amma zanen da furen da ke soke a gashi na mata ne. Tsohuwa ce doguwa, bakinta jajur da buai, tana miƙo masa tawul. Mutanen benci suka ja jiki suna ƙunshe dariya.

"Ni ba irinku ba ne," in ji Kaupa da ƙaramar murya.

"Na tambaye ka? Jini na gani. Sunana Geua. Karɓi, kafin ka ɓata musu siminti su ce mu goge."

Ya karɓa. Da aka kira shi, ma'aikaciyar ta saka safar hannu biyu a kan juna, ta ɗinke goshin ba tare da ta dubi idonsa ba.

Yana fitowa ya tarar da ƙanwarsa Wena a bakin ƙofa, rungume da jakarsa.

"Yaya, kar ka zo gida. Kawunnai sun taru. Yaya Simbil ya wasa adda, ya ce ka sa ana yi wa danginmu dariya."

"Mama fa?"

Wena ta sunkuyar da kai. "Tana ɗaki. Ba ta ce komai ba."

Ta ajiye jakar a ƙasa maimakon ta miƙa masa, ta juya da sauri.

Ya daɗe a tsaye cikin rana. Zuwa wajen 'yan sanda bai taso ba, shi za su fara tambaya. Saurayin nasa kuwa wayarsa a kashe take tun safe.

"Motarmu ga ta can," in ji Geua daga bayansa. "In ka ga dama."

A ƙauyen da gidajensa suke tsaye kan turaku a cikin teku suka sauka. Suka bi gadar katako mai rawa, ruwa a ƙasa cike da ledoji. Yara suna gaida Geua da Anti, ba wanda ya yi tsaki. A barandar gidanta mutum huɗu ko biyar suna goge kwakwa suna feraye dankali, wasu da zane, wasu da gajeren wando.

"Anti, kin je karɓar magani kin dawo mana da miji?" in ji wata mai suna Boio.

"Rufe min baki. Wa zai aure ki da wannan ƙafar kamar ta mai tura baro?"

Aka kwashe da dariya. Boio ta matso ta duba ɗinkin. Kunnenta na hagu rabi ne.

"Katako?"

"Katako."

"Ka yi sa'a. Ni kwalba ce, kuma babana ne da kansa." Ta tura masa kwano. "Ci. Kuka sai ciki ya ɗauka."

Geua ta nuna masa tabarma a lungu, da filo a naɗe.

"Ta waye?"

"Ta Morea ce. Ya tafi jana'izar kakarsa a ƙauyensu, muka hana shi ya ƙi ji, bai dawo da rai ba." Ta tofar da jan yawu cikin ruwa. "Ba zai buƙace ta ba."

Kaupa ya zauna a kan tabarmar, kwanon a cinyarsa, ya kasa kai loma. Sai wayarsa ta yi ƙara. Lambar mahaifiyarsa ce.

Ya ɗaga. Numfashinta kawai yake ji, da hayaniyar maza daga nesa.

"Sun ɗinke maka?" ta tambaya a hankali.

"Sun ɗinke, Mama."

"Akwai mai ba ka abinci?"

Ya dubi fuskokin da suka zuba masa ido. "Akwai. Mama, ina can wajen..."

"Yi shiru," ta katse shi. "Kar ka faɗa min. Za su tambaye ni, ni kuma ban iya ƙarya ba."