Kujera Biyu a Bas ɗin Kanada

Toivo Rautio ya ja hularsa har ta rufe masa gira kafin ya ɗora ƙafa a matakalar bas ɗin. Ya daɗe a laɓe cikin motarsa a filin coci, sai da ya ga kowa ya shiga sannan ya taho. Bai yi taku uku ba ya ji muryar da yake gudu.

"Kai! Wa nake gani haka? Jama'a ku matsa, ga Sarkin Haraji ya shigo motar mabarata!"

Rudy Perko ne, zaune a gaba da littafin sunaye a cinya. Shekara talatin da ɗaya suka yi tare a ramin haƙar ƙarfe, kuma ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba.

"Saƙo aka ba ni," in ji Toivo.

"Saƙon wa, tsoho? Na kanka?"

Aka yi dariya. Toivo ya wuce can baya ya zauna.

A shekarar nan ta dubu biyu, gwamnati ta ce ta samu rarar kuɗi, sai kan jama'ar ƙasa ya rabu. Jam'iyya ɗaya ta ce a rage haraji, kowa ya riƙe abinsa. Ɗaya ta ce a riƙa saya wa tsofaffi magani. Kowace safiya a shagon kofin garinmu a kan wannan ake kwana, kuma muryar Toivo ce ke danne ta kowa. Yana da abin da zai buga ƙirji da shi, domin irinmu da muka ci dutse a ramin nan ba a sake haifa ba. Daga aji huɗu ya bar makaranta. Sau biyu ƙasa tana ruftawa da shi, ya fito da ƙafarsa, ya bar mata yatsu biyu. Yakan ɗaga hannun nan ya ce, "Wannan bai taɓa miƙuwa don roƙo ba. Su ba ni kuɗina, ni zan kula da gidana." Da ƙungiyar su Rudy ta fara kwasar tsofaffi zuwa Kanada, inda magani ya fi araha nesa ba kusa ba, shi ya raɗa wa bas ɗin suna motar mabarata. A shago ya faɗa, a gida ma ya faɗa, a kan teburin cin abinci.

Kwana uku da suka wuce ne ya ga farin gari a kan katakon yanka albasa. Ya buɗe kwalbar maganin zuciyar matarsa, Lorraine, ya zazzage a tafin hannu. Babu ƙwaya ɗaya cikakkiya. Duk an raba su biyu da wuƙa: rabi-rabi take sha don maganin ya daɗe. Sai a lokacin ya gane abin da ya sa ƙafafunta suka kumbura har ta daina saka takalmin coci. Ya zare takardar likita daga aljihun tebur, yau da safe kuma ya ce mata kamun kifi za shi. Har sandar kamun ya saka a mota.

Awa huɗu suka yi a hanya. Da suka tsallake iyaka, aka sauke su a wani ƙaramin asibiti, suka jeru a benci. Da layi ya zo kansa, likitar, wata mai gilashi wadda ba ta kai 'yarsa shekaru ba, ta karanta takardar ta ɗago.

"Baba, ina Lorraine ɗin?"

"Tana gida. Ni ne mijinta. Shekara arba'in da takwas da aurenmu."

"Mai kantin magani a nan ba ya karɓar takarda sai da sa hannun likitan ƙasar nan. Ni kuma ba na sa hannu sai na saurari ƙirjin mai ciwo."

"Ni zan gaya miki yadda ƙirjinta yake. Na fi kowa sani."

"Tun yaushe ƙafafunta suke kumbura?"

Toivo bai sani ba.

Duk wanda ke cikin bas ɗin ya san wannan ƙa'ida. Tana rubuce da manyan baƙaƙe a takardar da ke manne a bangon shagon kofi, takardar da Toivo ya rantse a gaban kowa ba zai taɓa karantawa ba.

A hanyar dawowa kowa na rungume da farar jakar takarda ta magani, shi hannu rabbana. Babu wanda ya tsokane shi, wannan ma ya fi dariyar ciwo. Can sai ga Rudy ya taho yana dafa kujeru, ya zauna kusa da shi, ya miƙa masa rabin burodi da nama.

"Ci. Ba na gwamnati ba ne."

Toivo bai karɓa ba. Ya juyo ya tambaye shi.

"Yaushe za ku sake zuwa?"

"Bayan mako uku."

"Rubuta kujera biyu."

Rudy ya buɗe littafin, amma bai ɗauki biro ba. Ya juya shi ya ɗora a gwiwar Toivo. Karatu bai zauna wa Toivo sosai ba, amma ko a duhu zai gane rubutun matarsa. Ga sunanta a shafin tafiyar yau, an ja layi a kai. Rudy ya koma baya shafi ɗaya, ga shi nan ma, an soke. Ya sake komawa, haka.

"Sau huɗu tana rubutawa tana sokewa," in ji Rudy. "Ta ce ba za ta sa a yi maka dariya a shago ba. Ta sa na rantse ba zan faɗa ba. To, ban faɗa ba, kai ka karanta."

Rana ta kusa faɗuwa ya isa gida. Ya same ta a kicin, ta juya masa baya, katakon na gabanta tana raba ƙwayoyi.

"Ina kifin?" ta ce.

"Bai ci ba."

"Ai kuwa da wuya ya ci, tun da ka bar gwangwanin tana a bakin ƙofa."

Ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya matsa, ya zare wuƙar daga hannunta a hankali ya ajiye.

"Haɗa biyu ki sha."

"Ba zai kai ƙarshen wata ba, Toivo."

"Zai kai mako uku."

Lorraine ta dube shi, ta dubi gefen takardar likitan da ke leƙowa daga aljihun rigarsa. Ta ɗauki rabi biyu ta haɗiye da ruwa.

"To ka ce wa Rudy kujerar gaba nake so," ta ce. "Baya tana sa ni jiri."