Allah Ya Isan Gwaggo Asabe

Hajiya Lantana ta je Nassarawa GRA gaishe da surukan ɗanta, ta tarar da falo cike ana kallon wani tsohon fim. Kallo ɗaya ta yi ta gane shi. Ita ce a ciki, tun tana siririya, ta fito a maƙwabciyar da ta yi wa wata ungozoma ƙazafin musanya jarirai har aka kore ta daga gari.

Ba wanda ya gane ta. Ta zauna kusa da Gwaggo Asabe, yayar maigidan, aka ci gaba da kallo da ita.

Da aka zo inda take rantsuwar ƙarya gaban mai unguwa, hawaye shaɓe-shaɓe, 'yan matan gidan suka hau tsaki. Gwaggo kuwa ta nuna talabijin da carbinta.

"Allah ya isa tsakanina da matar nan. Tun ina goyon fari na tsane ta, har yau ban huce ba."

Hajiya Lantana ta kasa daurewa. "Ai ga ni, Gwaggo. Ni ce."

Gwaggo ta ƙare mata kallo, ta janye kwanon dambun da ke tsakaninsu.

Kunya ta kama matar gidan. "Wasa ne fa, Yaya."

"Na sani. Amma me ungozomar nan ta yi mata?"

Hajiya Lantana ta gyara mayafi, ranta fes. An sha karrama ta a harkar fim, amma ba karramawar da ta kai janye kwanon nan.