Habbanayen Baba Sahabi

"Tsaya, mayar da shi baya," in ji maƙwabcina Baba Sahabi, idonsa na kan salular jikarsa Zuhaira.

Kunu na kawo masa, don ya daɗe kwance. Ita kuwa Zuhaira daga birni ta dawo, tana nuna masa bidiyon gidan zu ko ya yi dariya. An wuce barewa da raƙuma, sai ga wata jar saniya mai dogayen ƙahoni a cikin keji, yara na miƙa mata biskit.

"Wannan Goshi ce. Dubi tsagar kunnenta, da wuƙata na yi ta," in ji Baba.

Innalillahi! Duk garinmu Gangara an san Goshi. Shekarar da fari ya share garken amininsa Haris, ita Baba ya ba shi habbanaye: ka riƙe saniya, ka sha nono, 'ya'yan da ta haifa naka ne, uwar kuma ka maido wa mai ita. Kullum aka tambayi Haris sai ya ce tana kiwo arewa wajen Tenhya, bayan damina za ta zo.

Ni na je na kira Haris, ko takalmi ban tsaya sa wa ba. Ya shigo yana sunkuyar da kai.

"Yaya Sahabi, wasu ma'aikata ne suka zo neman saniyar nuni, na ba su ita. Can ai hutu take, ga dusa, ga likita."

"Nonon wa 'ya'yanka suka sha?" in ji Baba.

Bai jira amsar Haris ba, ya ci gaba:

"Da yunwa ce ta sa ka yanka ta, wallahi da na yafe. Amma ka zauna kan tabarmata kana ce min tana arewa?"

Ni dai bakina bai da linzami, na wanke Haris tas har ƙofar gida. Baba kuwa ya juya wa bango fuska, kunun ma ya ƙi sha. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau bai huce ba.

Ran Juma'a da hantsi Baba ya cika.

Bayan an kai shi, na zaga bayan ɗakinsa in yi shara saboda masu gaisuwa. Nan na tarar da sabon turke a kafe, an share gindinsa fes, da igiyar kaba rataye, tufkar ba ta kai ƙarshe ba.