Yankan Farko

Hayaƙin gawayi ya riga ya cika zauren ƙwallon kwando lokacin da na shigo da jakar kayan Mama ta ƙofar baya. An jera tebura a kan layukan filin, an shimfiɗa musu farar takarda, ga kwandunan burodi, ga kwalaben giyar inabi tsaitsaye. Ranar Lahadin nan kulob ɗin unguwarmu ya cika shekara saba'in. Mutum ɗari da ashirin za su ci, kuma mahaifina ne zai gasa naman, kamar yadda yake yi tun kafin a haife ni.

Na hango shi a tsakar gida, tawul a kafaɗa, yana jan garwashi da shebur zuwa ƙarƙashin haƙarƙarin shanu. Osvaldo sunansa, amma Don Osvaldo ake ce masa saboda girmamawa. A duk unguwarmu ta Mataderos babu wanda bai taɓa lashe yatsa a kan namansa ba. Maza uku sun kewaye shi suna ba shi shawarar da ba zai ɗauka ba, yana yi musu dariyar nan tasa mai faɗi. A wannan filin ya koya min rawa ina ƙarama, ƙafafuna bisa takalmansa. Ina son sa, kuma abin da ya fi ci min rai ke nan.

Mai gashi ba ya barin wuta. Daga tara na safe har zuwa lokacin da zai ɗauko yankan farko, wajen ɗaya da rabi, ko mutuwa aka yi sai dai a zo a faɗa masa a bakin garwashi. Waɗannan sa'o'in ne kaɗai a cikin wata da bai san inda Mama take ba. A kansu na gina komai. Inna Elsa, ƙanwar Mama, ta taso daga garin Rosario da mota, za ta tsaya a kwanar kantin magani ƙarfe ɗaya daidai. Ni na cusa jakar a ɗakin da 'yan mata ke canza kaya, na nufi kicin.

* * *

Mata takwas ne a ciki, kowacce da wuƙa da surutu. Mama tana yanka tumatir, sanye da riga mai dogon hannu a tsakiyar zafin Fabrairu don ɓoye ciwon hannunta. Ranar Alhamis Baba ya shaƙe ta a kan rigar da ba a goge ba, har fararen idanunta suka yi ja. Da ya fita, ta zauna a ƙasa ta daɗe tana kallon bango, sannan ta ce min, "Luján, kira min Elsa." Shekara uku ina roƙon ta ta faɗi haka.

Doña Chela, matar shugaban kulob, ta leƙa wuyan Mama ta ja tsaki.

"Nélida, ƙofar kabad ɗin nan taku dai zafin hannu gare ta. Yanzu kuma har wuya take kai wa?"

Ƙofar kabad Mama ke ɗora wa laifi duk lokacin da aka ga tabo a jikinta. Aka yi 'yar dariya, gajera, kowa ta mai da ido kan albasarta. Doña Chela ta ciro hoda daga jakarta ta shafa wa Mama a hankali, da tausayi na gaske, kamar yadda ta saba. Wata ta ce nata mijin ma kafin ya rasu haka yake, amma ko sau ɗaya bai bar gida ba abinci ba. Wata ta tambayi inda aka ajiye mai.

A littattafan da nake karantawa, mace kan gudu ne da gashinta a sake, ruwa na zuba, jirgin ƙasa na kuka. Ban taɓa karanta wadda ta tsaya yanka tumatir ba. Ƙarfe ɗaya saura biyar na taɓa gwiwar hannunta, na ce lokaci ya yi. Ta ce saura kwano huɗu. Na ce ta bar su. Ta kalle ni kamar na zage ta.

"A ce Nélida ta bar salak ɗin shekara saba'in babu gishiri?"

Na tsaya ina kallon agogon bango yayin da take yankawa, tana barbaɗa gishiri, tana ɗanɗanawa, tana goge bakin kowane kwano. Ɗaya da minti ashirin ta wanke hannu, ta ninke tsumma ta ajiye a inda yake zama.

* * *

Tsakanin ɗakin canza kaya da ƙofar baya taku goma ne, cikin wani siririn lungu da aka rataye hotunan tsofaffin 'yan wasa. Muna tsakiyarsa, jaka a hannuna, muka yi kiciɓis da Doña Chela ɗauke da kwandon burodi. Ta kalli jakar, ta kalli Mama. Ba ta yi mamaki ba. Ta dai tsaya a inda take, lungun kuwa ba ya ɗaukar mutum biyu.

"Ba yau ba, ƙawata," in ji ta a hankali. "Gobe da kaina zan raka ki tasha."

Ta ce yau za a ba Osvaldo katin zama ɗan kulob na har abada, har da lambar yabo an sa an buga da sunansa. Ta ce a duba idon jama'a. Idan ya tashi karɓa ya ga kujerar matarsa wayam, ba zai sake taka kulob ɗin nan ba, kuma kulob ɗin da ƙyar yake numfashi, naman nan ne kaɗai ke tara mutane. Ina tsofaffin nan za su ci abincin Lahadi? Ina yara za su yi wasa?

"Shekara ashirin kina shafa min hoda, Chela," in ji Mama.

"Shi ya sa har yau kike shiga unguwar nan da kanki a ɗage."

Na ce ta matsa mana. Ta ce, "Ke 'yar nan, ba ki san zaman aure ba, littafi kika sani." Sai kuma idanunta suka ciko, ta kama hannun Mama, wanda ke da ciwon.

Nan take zauren ya ɗauki sowa. Muryar shugaban kulob ta fito ta lasifika: "A tafa wa mai gashi!" Tafi ya girgiza hotunan bango. Baba ya bar wuta, ya shigo da allon nama a kafaɗa. A kulob ɗinmu kuwa babu mai taɓa cokali sai mai gashi ya sa wa matarsa yankan farko a baki.

"Ina Nélida?" Muryarsa ce, cike da fara'a.

Wani ya maimaita sunan, wani ya karɓa, sai ga mutum ɗari da ashirin suna bugun tebur suna kiran ta. Mutanen da suka zo baftismata ne, suka yi mana karo-karo lokacin da rufinmu ya faɗi. Babu mugu ko ɗaya a cikinsu. Yunwa kawai suke ji, nama kuma na hucewa.

Na riƙe rigar Mama. Na ce taku biyar ya rage, motar tana nan. Ta juya ta kalli ƙofar baya, har hasken titi ya sauka a fuskarta. Sannan ta zare yatsuna ɗaya bayan ɗaya.

"Mutane na jira," ta ce. Ta gyara wuyan rigarta.

Doña Chela ta karɓi jakar daga hannuna kamar mai rage min kaya, ta wuce da ita kicin.

* * *

Daga bakin zaure na gan su. Baba ya rungumo kafaɗarta da hannu ɗaya, ya ɗago naman a tsinin wuƙa, ya ce da ba don wannan baiwar Allah ba da shi ba kowa ba ne. Har hawaye ya yi. Mama ta buɗe baki. Ta tauna, ta tauna, ta daɗe kafin ta iya haɗiyewa, maƙogwaronta bai warke ba. Aka sake tafi, aka fara ci.

Na fita. Titi shiru, rana ta take, wani kare kwance a inuwar kantin magani. Inna Elsa ba ta ko kashe injin motar ba, ta buɗe ƙofar gefenta tun daga nesa da ta hango ni. Ta leƙa bayana, ta sake leƙawa.

"Ina take?"

Na ce, "Tana cin abinci."