Sandar Gaban Makara

"Ajiye sandar nan, ɗan Yahudu!" in ji Ergash mahauci, ya tare ƙofar marigayiya Inna Tursunoy da ƙirjinsa.

Zalman bai ajiye ba. Ɗan shekara goma, ya sha ɗamara, rigar da ya ara tana jan ƙasa.

Ni Normat mai gurasa ina wurin. Ban taɓa zaman aji ba, amma mutumin da ya bar ƙafa ɗaya a bakin daga ya dawo garinmu Kokand da ɗayar, me zai wuce shi a unguwa?

Jirgin ƙasa ne ya sauke yaron daga Poland lokacin yaƙi, ba uwa ba uba. Maƙwabciyata Inna Tursunoy ta je tasha cigiyar 'ya'yanta biyu sojoji, aka ce sun rasu, ta dawo riƙe da hannunsa. Ranar farko ya kife gurasa a kan ledar abinci, abin da ko mahaukaci ba ya yi a nan. Labari ya zaga. Yara suka riƙa jifansa da ɓawon kankana, suna ce masa mai ƙwarƙwata. Ita kuwa ta juya gurasar, ta sumbace ta, ta gutsura masa.

Da zazzaɓi ya kwantar da ita, shi ke jiƙa gurasa a shayi yana ba ta a baki. Gurasata, wadda babu irinta har Tashkent.

"Normat," ta ce mini, "kada makarata ta fita ba kowa a gabanta."

"Haba Inna, ke da za ki binne mu duka!"

"Rufe mini baki, gurgu. Ka dai ji."

Ciwon nan ne ajalinta. A al'adarmu, ɗa ne ke shiga gaban makara da sanda yana kiran uwarsa. Wanda ya riƙe ta ya zama ɗan gida, unguwa ce za ta riƙe shi. In ba haka ba, sai gidan marayu.

"Ba jininmu ba, ba addininmu ba," in ji Ergash. "Gobe a miƙa shi."

Na ɗaga sandar gurguntata. Ni da tankar yaƙi ba ta kora ba, mahauci ne zai tsorata ni? Amma yaron ya riga ni.

"Wayyo innata!" ya ƙwala ihu. "Wa kika bar mini, innata?"

Da harshenmu, da irin muryar da ita ta yi wa 'ya'yanta kuka. Ashe yana ji, yana riƙewa. Matan da ke cikin gida suka amsa masa gaba ɗaya.

Liman ya gyara rawani. "Ergash, gawa na jira. Ko kai za ka yi mata kukan ɗa?"

Ergash ya dubi ƙasa. Ya matsa, ya sa kafaɗa a makara.

Bayan an watse daga maƙabarta, Zalman ya tsinci ɗan dutse ya ɗora a kan kabarin.

"Meye wannan kuma?"

"Haka muke yi, Kawu. Don ta san an zo."

Da ƙyar na sunkuya, na ɗora nawa. Ya fi nasa girma, ba sai na faɗa ba.

Da la'asar Zalman yana gidana, yana yayyafa riɗi a kan ƙullun gurasata. A bakin tanderu, sandarsa na jingine da tawa.