Kafin Mai Duba Gida Ta Zo

Tun da matarsa ta rasu, Mai Walda bai taɓa matsar da ko tsinke a ɗakinta ba. Gadon katako na nan a kusurwarsa, ga kabad mai gilashi, ga dogon madubi, ga keken ɗinkinta a gindin taga. Shi a ɗan shagon ƙofar gida yake kwana, tsakanin tsoffin ƙarafa. Wutar walda ta cinye masa ido, aiki ya tsaya, sai ɗan gyaran ƙafar kujera in an tausaya masa. Amma kullum da hantsi sai ya shiga ɗakin ya goge ƙura, hannunsa ya san inda komai yake.

Auta ce kaɗai ta rage masa a gida. Ta sami gurbin karatun jinya a kwaleji, kuɗin makaranta kuwa ya fi ƙarfinsu, sai ta nemi tallafin da ake ba 'ya'yan marasa hali. Ta cike takardu, ta bi layi, ta miƙa. Aka ce saura abu ɗaya: za a turo ma'aikaciya ta ga gidan da idonta.

Direba, maƙwabcinsu na jikin bango, ya leƙa ɗakin ya yi fito.

"Kai, makahon gobe, da wannan kaya za ka ce ba ka da hali? Ai tana ganin madubin nan ta soke sunan yarinyar. A kwashe a kai gidana, in ta tafi a dawo da su. Kowa haka yake yi."

"Ba nawa ba ne," in ji Mai Walda.

"To na wa? Mai su ta tafi inda ba a zuwa da kabad."

"Bakinka ba ya da burki, kamar motarka."

Direba ya fita yana dariya, ya bar shi da wasi-wasi. Shi talaka ne, tukunyarsu ma shaida ce. In ya bar ɗakin yadda yake, ɗakin zai yi masa ƙarya, ya ce mai hali ne. In ya kwashe, shi zai yi ƙarya don a ga gaskiya. Akwai kuma hanya ta uku, wadda yake kauce wa kamar mai tsallake rami: a sayar da kayan, ko kuɗin zangon karatu ɗaya su biya. Auta ba ta taɓa ambata masa ba, kuma shirun nata ya fi magana ciwo.

"Baba, in ba ka so, a bari," ta ce, tana wanke-wanke, ba ta ɗago ba. "Sai in jira baɗi."

Haka uwarta take yin murya in ta haƙura da abu. Ya aika a kira Direba.

Aka kwance gadon, aka ciccibi kabad, aka rufe madubin da zane. Shi da kansa ya riƙe kan keken har cikin gidan Direba, bai yarda wani ya taɓa ba. Da ya dawo ɗakin sai ya tsaya cak. Ko da raunin idonsa ya ga siminti ya yi fari a inda ƙafafun gadon suka zauna, bango kuma ya fito da siffar madubin, doguwa, tsayin mutum. Auta ta dirje da tsumma har hannunta ya yi ja. Tabo ya ƙi fita. Ta shimfiɗa tabarma, ta rufe sawun ƙafa biyu, sauran suka leƙo.

Ma'aikaciyar ta zo da azahar. Mace ce mai ɗan shekaru, takalmanta sun sha yawo.

"Sannu da gida, Baba. Ita ce ɗalibar tamu?"

"Ita ce, Malama."

Ta duba kicin, ta duba shagon, ta tambayi yaushe rabonsa da aiki. Sannan ta shiga ɗakin, ta tsaya daidai kan sawun ƙafar gadon. Ta daɗe tana kallon bangon. Auta na bakin ƙofa, ta damƙe gefen mayafinta.

"Mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, ta bar wani abu? Fili, ko kaya, ko abin sana'a?"

Mai Walda ya shirya wa tambaya a kan kansa, bai shirya wa tambaya a kanta ba.

"Ba ta bar komai ba," ya ce.

Ɗakin ya maimaita. Ɗakin da bai taɓa amsa kuwwa ba, yanzu da babu kaya sai ya dawo masa da maganar daga kowane bango, da wata murya siririya wadda ba tasa ba.

Ma'aikaciyar ta rubuta, ta rufe bironta. Ba ta kalle shi ba.

"Abu ɗaya, Baba, kowa ina faɗa masa. Mukan dawo ba sanarwa, har ranar da ɗalibi ya gama. In aka tarar da abin da ba a faɗa ba, a take ake yanke tallafin. Ba lallai ni zan zo ba."

Tallafi ya fito. Auta ta ɗaura akwatinta, ta durƙusa gabansa tana kuka, ya sa mata albarka, ta tafi.

Washegari Direba ya shigo yana naɗe hannun riga.

"To, a dawo da kayan? Gadon nan ya tare mini hanya, kullum sai na buge ƙauri."

"Bar su."

"Har yaushe?"

"Har ta gama."

Direba ya dubi fuskarsa, ya warware hannun rigarsa, ya fita.

Da hantsi ƙafafunsa ba su daina kai shi ɗakin ba. Yakan shiga da tsumma a hannu, ya kewaye gadon da babu, ya sunkuya don kada ya buge ƙofar kabad. Wani lokaci ya miƙa hannu, ya shafi iska. Ya daina gyaran murya a ciki, don ba ya son jin abin da ɗakin zai amsa.

Wata rana da la'asar yana zaune a ƙasa, ya jingina da bango, sai ya ji. Ƙarar keken ɗinki, daga cikin bangon, daidai bayan kansa. Ya san ƙarar kamar yadda ya san tarinsa: ga ɗan kukan fedar nan da ya sha alkawarin gyarawa. Sai can ya ji muryar matar Direba tana korar yara daga wajen keken.

Ya miƙe a fusace, ya fita har ƙofar gidansu. Ya ɗaga hannu zai buga. Me zai ce mata? Ki tashi daga kan keken matata? Da wane baki? In kuwa ya ɗauko shi, gobe wani mai takarda yana iya sallama, Auta kuma ta dawo da akwatinta.

Matar Direba ta hango shi ta labule.

"Baban Auta, kai ne? Na ga zai yi tsatsa ne, na sa masa mai. Ko in bari?"

Ya sauke hannunsa.

"Ci gaba," ya ce. "Ki dai rage sauri. Ba ya son gaggawa."

Ya koma ɗakin, ya zauna inda ya tashi, ya ɗora kunnensa a bango. Ɗinkin ya ci gaba, a hankali yanzu.