Tankar Direba da Dokin Ƙofa

Wata uku ke nan Direba yana kwance. Motar kayan da yake ja ce ta faɗi da shi a wata kwana, ƙugunsa ya karye. Likita ya sa masa ƙarfe, ya ce kada ƙafar ta taɓa ƙasa sai ya ba da izini. Duniyarsa ta koma gado, da taga ɗaya, da allon katakon da matarsa take ɗora masa a cinya lokacin cin abinci.

A kan allon nan ya ƙera 'yar tankar yaƙi mai tsawon kamu biyu. Jikinta falankin tsohuwar durowa ne, sarƙarta ta keke ce, inji da rimot kuwa daga wata lalatacciyar motar wasa ya ciro su. A kan siminti tana tafiya lafiya lau. Amma da ta isa dokin ƙofar ɗakin, wanda tsayinsa bai wuce yatsu biyu ba, sai gabanta ya ɗaga sama, ta faɗo tim, sarƙar ta zame.

Yayarsa mai gyaran keken ɗinki takan biyo kullum idan ta tashi daga shago. Ran nan ta tarar da tankar a kife a bakin ƙofa, ta ɗauko ta miƙa masa.

"Auta, ashe ko daga kwance sai ka kayar da mota?"

"Yaya, ba laifin tuƙi ba ne. Tayoyin nan goma sha biyu a kafe suke jikin katako. Sai kowace ta iya hawa da sauka ita kaɗai, sannan sarƙar za ta bi tudu ta zauna."

"To ka sa mata sifirin mana."

"Shi nake nema."

Ya fara da sifirin cikin biro. Da ya ajiye tankar, sai ta lafe a ƙasa kamar kaza a kan ƙwai. Ya koma kan na maƙalen shanya, har matarsa ta rasa abin kama wanki a igiya. Waɗannan kuma suka yi tauri, tankar ta riƙa tsalle tana karkata. Kwana tara yana kwancewa yana ɗaurawa, 'yan kusoshi suna ɓacewa cikin zanin gado suna sukarsa a baya.

Matarsa ta ce, "Maigida, ka bar ta ta yi yawonta a ɗaki mana. Dole ne sai ta fita?"

"Dole ne," ya ce, bai ko ɗago ba.

Yaya ce ta kawo mafita ba tare da ta nufa ba. Tana zaune bakin gadon tana gyara kan wani keken ɗinki da ta taho da shi, sai Direba ya ga wata siririyar waya kusa da inda zare yake bi. Ta danna ta da yatsa, wayar ta dawo da kanta.

"Yaya, sake dannawa."

Ta sake.

"Wannan ai ba matsewa take yi ba."

"Murɗewa take yi. Shekara ashirin ina canza ta."

Ya leƙa cikin tankar. Can ya ce idan aka shimfiɗa waya a ƙetare cikin tankar, aka kafe kai ɗaya, aka lanƙwasa ɗayan ya zama hannu mai riƙe taya, to duk lokacin da tayar ta hau tudu wayar za ta murɗe, ta kuma mayar da ita. Washegari Yaya ta zo da damin wayoyin ƙafar keke daga wurin mai faci.

Shidan farko ya ɓata su da kansa. Ya gasa su a kyandir don su yi saurin lanƙwasuwa, suka yi laushi, in an murɗa ba sa dawowa.

"Ka kashe su," in ji Yaya. "Da sanyinta ake lanƙwasa waya. Ba ni filaya."

"Ni zan yi."

Ba ta yi musu ba. Ta buga ƙusa uku a wani guntun katako don kowace waya ta lanƙwashe daidai da 'yar'uwarta, ta riƙe masa katakon da hannu biyu. Daga kwance ba shi da inda zai dogara, kowace lanƙwasa sai ta ja masa ƙugu. Gumi ya jiƙa matashin. Yakan tsaya ya rufe ido, ya ja numfashi, ya ce a miƙo ta gaba. Rana ɗaya huɗu kawai suka iya. A rana ta uku suka cika goma sha biyu.

Yaya ta ajiye tankar a tsakiyar ɗaki. Direba ya tura ta a hankali. Tayar gaba ta taɓa dokin ƙofa, ta ɗaga ita kaɗai, ta biyu ta bi, ta uku ta bi, jikin tankar ko girgiza bai yi ba. Ta sauka waje da sarƙarta a zaune, ta ɓace masa daga gani. Bai saki rimot ɗin ba sai da ya ji ta daki bokiti.

Matarsa ta shigo da ita a hannu tana dariya. Shi ma ya yi, har ya dafe ƙugu. Amma da ya karɓa ya ɗora ta a allo, ya daɗe yana duba ta daga gefe.

"Bayanta ya zauna," ya ce. "Nauyin batir ne. Wayoyi huɗun baya suna son masu kauri."

"Na babur za su yi?" Yaya ta tambaya.

"Za su yi, amma sai mun sake huda."

Yaya ta kalli agogo, ta ajiye jakarta da ta riga ta rataya, ta jawo kujera kusa da gadon.

"Kwance su mu auna," ta ce.